Baba Jiniya da Motar Auta

Shekara talatin da ɗaya Baba Jiniya ya yi yana tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya ta babban asibiti, a can ya samo sunan. Har jikokinsa haka suke kiransa, shi ma ya daina ɓata rai tun tuni. A duk shekarun nan bai taɓa mallakar motar kansa ba, bai kuma taɓa gogar ta wani ba, wannan na biyun kuwa ba ya bari a manta da shi a gidan. Bayan ya yi ritaya sai yanar ido ta fara rufe masa gani. Yana ganin mutum, amma sai mutumin ya yi magana yake tabbatar da ko wane ne. Da kansa ya ɗauki lasisinsa ya jefa a ƙasan akwati, ba wanda ya ce masa ya ajiye.

'Ya'yansa biyar, kuma dukansu ya gwada koya musu tuƙi da tsohuwar motar wani maƙwabci. Huɗu sun gudu saboda faɗa. Auta ce kaɗai ta jure, tana kuka tana taka kuloci, har ta iya. Yanzu ta girma, tana koyar da kimiyya a wata makarantar sakandare can bayan gari, kilomita talatin daga gida. Kullum sai ta hau mota uku kafin ta isa, ta sauka kayanta a yamutse, littattafan ɗalibai sun lanƙwashe a jaka. Shekara huɗu tana tara kuɗin sayen mota ba ta gaya wa kowa ba.

Ranar da ta faɗa, suna zaune a falo bayan cin abincin rana. Yaya Babba, wanda yake da shagon kayan gini da wata ƙatuwar mota da ke cika ƙofar gida, shi ya fara magana.

"Ai an gama. Ki bari in kira abokina, akwai wata irin tawa a hannunsa. Ki ƙara kaɗan, in kin shiga makarantar nan har shugabanku sai ya miƙe."

"Yaya, ba miƙewar shugaba nake nema ba," in ji Auta. "Abu uku nake so. Kuɗina su isa ba tare da na roƙi kowa ba. Kada ta sha mai. Sannan in ji daɗin tuƙa ta."

Yaya Babba ya fashe da dariya. "Daɗi? Mota za ki saya ko katifa?"

Mama ta ce ita dai a samo mai sanyi a ciki, sauran ba ruwanta.

Baba Jiniya ya bari suka gama. Ya ajiye kofin da ke hannunsa ya ce, "Ni zan raka ta. Idona ya gaji, amma kunnena bai yi ritaya ba."

Ranar Asabar da safe ya sa rigar da yake sawa in za shi karɓar fansho, suka tafi. Filin sayar da motocin yana bayan wata ma'ajiyar katako, an zagaye shi da waya, motoci a jere kamar an gwada da igiya. Ofishin wani akwatin ƙarfe ne da aka huda wa taga. Dillalin ya fito da sauri, mutum ne gajere mai fara'a, makullai sun fi ashirin suna lilo a ƙugunsa. Kowa a wurin Mai Makullai yake ce masa. Ya wuce Auta kamar bai gan ta ba, ya kama hannun tsohon da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, sannu da zuwa. Wace iri za a ba Baba?"

"Ga mai saye nan," Baba Jiniya ya nuna Auta da haɓa. "Ni alƙali ne."

Ta farko ja ce, tana ƙyalli kamar an lashe ta. Mai Makullai ya tayar da ita. Baba ya karkata kai, ya saurara bai fi na numfashi biyar ba.

"Kashe. Akwai abin da ke ƙwanƙwasa ƙofa a cikin injin nan, kuma ba da daɗewa ba za a buɗe masa."

Ta biyu ma haka. Ya ce a taka totur a saki, aka taka aka saki, ya ce tana tari kamar mai shan taba. Mai Makullai ya fara kallon tsohon da wani ido daban. Baba kuwa sai ƙara buɗe kafaɗa yake yi, sandarsa ma ya daina dogara ta, ya maƙale ta a hammata.

Sai suka zo kan ta uku. Doguwa ce, baƙa, kujerunta na fata. Ko da idonsa da ya dushe, Baba Jiniya ya gane fasalinta. Irinta babban likitan asibiti yake shiga a wancan lokacin, shi kuma ya yi shekaru yana ajiye motar marasa lafiya a gefenta, yana satar kallonta. Ya shafa bonet ɗin a hankali. Aka tayar, injin ya ɗauka lumui, ba ƙara ba rawa. Ya sa aka taka, aka saki, aka sake takawa. Ya zauna a kujerar direba ya riƙe sitiyari, ya daɗe bai sake shi ba.

"Auta," ya ce, muryarsa ta yi laushi, "wannan ce."

Mai Makullai ya faɗi kuɗin. Sun yi daidai da duk abin da ta tara, ba ragowar ko na mai.

Auta ta matso kusa. Ta zagaya motar. Ta ciro wani ɗan maganaɗisu da ta aro daga ɗakin gwaje-gwajen makaranta, ta naɗe shi a hankici don kada ya karce fenti. Ta manna a ƙofar gaba, ya kama. Ta manna a ta baya, ya kama. Da ta kai gefen hagu, saman tayar baya, sai ya zame ya faɗi ƙasa. Ta sake gwadawa, ya sake faɗuwa. Ba ƙarfe ba ne a ƙarƙashin fentin, ciko ne. Ta tsuguna ta duba tayar, gefe ɗaya ya cinye, ɗayan kamar sabo. Ta buɗe but, ta ɗaga shimfiɗar ciki, ta ga abin da take tsoron gani: layin walda daga wannan kusurwa zuwa waccan, ƙarfen ya tattare kamar takardar da aka dunƙule aka sake miƙarwa.

Ta tsaya riƙe da shimfiɗar. Babanta yana can gaba yana gaya wa Mai Makullai yadda ake gane lafiyayyen inji. Ba ta son ta ƙaryata shi a gaban baƙo.

"Baba, don Allah zo ka taɓa min wani abu a nan. Ban gane shi ba."

Ya zo. Ta kama hannunsa ta ɗora a kan layin. Yatsunsa suka bi waldar a hankali har ƙarshe, suka dawo. Ya daɗe a sunkuye. Ya san abin da ya taɓa, ya kuma san sarai ta gane shi tun kafin ta kira shi.

Ya miƙe ya juya wajen dillalin. "Me ya sami motar nan ta baya?"

Mai Makullai ya sosa ƙeya. "Ranka ya daɗe, 'yar gogayya ce ta samu a hannun mai ita na farko."

"Gogayya," in ji Baba Jiniya. "Na sha ɗauko mutane daga irin wannan gogayyar. Wasu ba sai na kunna jiniya ba."

Ba wanda ya yi dariya. Tsohon ya sauke sandarsa daga hammata, ya dogara ta zuwa wani benci da ke inuwar ofishin, ya zauna. Auta ta bi shi ta zauna a gefe.

"Kunnena ya ce lafiyarta ƙalau," ya ce, ba tare da ya dube ta ba.

"Injin kam lafiyarsa ƙalau, Baba. Kunnenka bai yi ƙarya ba. Jikin ne ya karye. Kuma ko da bai karye ba, wannan injin ya fi ƙarfin albashina. Rabin wata zan yi ina hawa, rabin wata ina kallonta."

Can ya ce, "Wannan ƙarfen da kika ciro a jaka, wa ya koya miki? Ni dai ban koya miki ba."

"Mai gyaran jikin mota da ke kusa da makarantarmu. Wata biyu ina tsayawa wajensa in an tashi, ina yi masa tambayoyi har ya gaji da ni."

Baba ya gyaɗa kai.

Daga inda suke zaune ne Auta ta hango wata mota. Can ƙarshen fili, jikin waya, bayan wata motar ɗaukar kaya. Ƙarama ce, ruwan toka, mai ƙofa huɗu, ganyen bishiya ya taru a gindin gilashinta. Ta tambayi Mai Makullai.

"Wannan? Malama, ba za ki so ta ba. Giyar hannu ce. Wata biyar tana nan, kowa ya leƙa ya ga kuloci sai ya juya. Yanzu ko maza ba sa son wahala."

"Kawo makullin."

Ba kyakkyawa ba ce. Akwai ɗan loɓawa a ƙofar baya, daidai girman tafin hannu, kujerar direba ta koɗe, rediyon ba ya kamawa. Amma maganaɗisun ya kama ko'ina, har wurin loɓawar. Mai Makullai zai tayar da ita, Auta ta ce ya dakata, ta ɗora hannu a kan injin ta tabbatar da sanyi yake, ba a ɗumama shi kafin su zo ba. Ta zaro sandar gwada baƙin mai ta goge a hankici, ta duba kalarsa. Ta buɗe murfin ta leƙa. A aljihun gaba ta tarar da wani ɗan littafi, an rubuta ranar kowane juyen mai da biro shuɗi, rubutu ƙanana a tsare, shekara bakwai ba tsallake.

"Ta wani tsohon ma'aikacin gidan waya ce," in ji Mai Makullai. "Gwiwa ce ta hana shi taka kuloci."

Batir ya yi sanyi, sai a murɗa ta biyu ta tashi. Auta ta zagaya baya ta tsaya kallon salansa. Ba hayaƙi. Da ta ɗago sai ta ga babanta ya baro benci, yana tsaye a gefen motar, kansa a karkace.

"To, Baba?"

"A tsaye dai ba ta da laifi," ya ce a taƙaice. "Sai an hau titi."

Suka hau. Auta a sitiyari, Baba a gefenta, Mai Makullai a baya gwiwoyinsa sun tokare kujera. Ta ce masa gidan mai za su fara zuwa. A can ta sa aka cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, ta biya daga jakarta, ta rubuta lambar da ke kan maleji a bayan hannunta.

"Yanzu sai ina?" in ji dillalin.

"Makarantarmu. Mu je mu dawo."

"Kilomita nawa?"

"Talatin zuwa."

"Malama! Gwaji fa aka ce, ba tafiya ba. Ina da mutane a fili."

"Wata biyar tana zaune," in ji Baba Jiniya, bai ko waiwaya ba. "Bar ta ta miƙe ƙafa."

Cikin gari cunkoso ne, a tsaya a matsa. Kulocin ba tauri, giyar tana shiga kamar ta san inda za ta. A shataletale wata babbar mota ta so ta matse su, Auta ta sauko giya ta biyu, ta ɗan taɓa totur, ƙaramar motar ta zille ta fice kamar kifi. Da suka bar gidaje hanya ta buɗe, ta fara hawa tudu tana lanƙwasa. Nan Auta ta ji abin da take nema. Duk inda ta karkata sitiyari kaɗan, motar ta riga ta bi. Ba lilo, ba jan gefe. Ta shiga kwana ta fito, ta shiga ta gaba, ta ji kanta tana murmushi ba ta san lokacin da ta fara ba.

Baba Jiniya ya rufe ido. Ba injin yake saurare ba yanzu. Canjin giyarta yake bi: inda ta ɗaga ƙafa, inda ta mayar, yadda ba ta bari motar ta yi kuka kafin ta ba ta ta gaba, yadda take rage gudu tun kafin kwana ba a tsakiyarta ba. Da suka zo gargada ta lallaɓa ta wuce, ko kansa bai girgiza ba. Haka yake tuƙi in ya ɗauko mai karaya. Bai taɓa gaya mata wannan da baki ba, ashe ta ɗauka.

A hanyar dawowa, a wani miƙaƙƙen wuri, ya ɗaga yatsa.

"Ƙara wuta kaɗan. Yawwa. Yanzu ɗan karkata dama. Dawo hagu. Kin ji?"

"Ban ji komai ba, Baba."

"Saurara ta bayana. Kamar ƙudan zuma a cikin tulu."

Ta kasa kunne. Can ƙasa-ƙasa ta ji shi, wani gurnani siriri da ke ƙaruwa in ta karkata hagu.

"Boris ɗin da tayar baya take juyawa a kansa ne, ta dama," in ji Baba, ya gyara zama. "Bai mutu ba, amma ya fara sallama. Ba babban aiki ba ne. Maganaɗisunki ya gaya miki wannan?"

"Bai gaya min ba," ta ce tana dariya.

"To."

Daga kujerar baya Mai Makullai ya ce, "Ni dai yau na haɗu da gamona. Ɗaya na gani, ɗaya na ji. Da na sani da na ce ba na nan."

Suka koma gidan man da suka fara zuwa, famfo ɗaya, aka sake cikawa. Lita huɗu ba kaɗan, a tafiyar kilomita sittin, har da cunkoso da tudu. Auta ta kalli lambar sau biyu. Kuɗin bai kai abin da take ba motocin haya uku a rana ba.

Mai zuba man, wata mata mai hular kamfani, ta leƙo ta taga. "Baba, an yi sabuwar mota ke nan? Allah ya sa alheri."

"Ba tawa ba ce," in ji Baba Jiniya da ƙarfi, har na famfon gaba suka waiwayo. "Ta 'yata ce. Da guminta. Ita ta zaɓa, kuma ta ƙi wadda ni na zaɓa, kuma ita ce da gaskiya. Shekara talatin da ɗaya ina kan titi, yau yarinyar nan ta hana a sayar min da gawa."

"Baba, ba mu saya ba tukuna," Auta ta ce a hankali, kunya ta kama ta.

"Za mu saya."

Duk da haka sai da ta biya da motar wajen makanike, aka ɗaga ta aka duba ƙasa. Makaniken ya juya tayar baya ta dama da hannu, ya saurara, ya ce boris ne, sauran kuwa ba abin da zai taɓa. Baba ya kalli sama kamar ba da shi ake ba. Cinikin bai ɗauki lokaci ba. Mai Makullai ya sauke kuɗin gyaran, ya ƙara saukewa don ya rabu da ita, Auta ta tashi da ragowar da ta ishe ta takardu da sababbin tayoyin gaba. Da zai miƙa makullin sai ya nufi tsohon, ya tuna, ya juya ya ba ta da hannu biyu.

A gida, Yaya Babba ya zagaya motar sau ɗaya, hannuwansa a baya.

"Ina sauran?" ya ce. "Ko rabi suka ba ki, za a kawo ragowar gobe?"

Mama ba ta kula shi ba. Ta buɗe ƙofar baya ta shiga, ta ce a kunna sanyi. Aka kunna. Ta jingina, ta lumshe ido, ta ce in an gama surutu a zo a kai ta gidan ƙanwarta.

Yaya Babba ya leƙa ciki ya ga giyar. "Kai! Ta hannu ce ma? Wa zai iya wannan?"

"Wanda bai gudu ba ranar da ake koyarwa," in ji Baba Jiniya.

Kafin wata ya ƙare, ba wanda bai ji labarin ba a layin: mai shagon kusa, mai wanki, mai kawo takardar wuta, har likitan idon da ke duba shi. Kullum labarin yana ƙara tsawo. Waldar da ke but ɗin baƙar motar ta tashi daga taku biyu ta koma taku biyar. Abu ɗaya ne bai taɓa canzawa ba: duk inda ya kai, sai ya faɗi cewa shi ya zaɓi baƙar, ita ta hana.

Wata Asabar da hantsi aka yi sallama a ƙofar gida. Baba yana zaune a baranda. Wani mutum ne mai furfura da tabarau, ya gaishe shi da ladabi, ya ce shi ne mataimakin shugaban makarantar su Auta. Ya ce yana son sayen mota ta hannu, an ce masa a gidan nan akwai wanda ya san kan abin.

Baba Jiniya ya gyara wuyan riga, ya laluba sandarsa. "To, ai ba komai. Bari in sa takalmi."

Mutumin ya ɗan daburce. "Wato, ranka ya daɗe, Malama nake nufi. Ita ta raka malamin lissafinmu wancan satin."

Tsohon ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Sai ya fashe da dariya, har da buga sanda a ƙasa.

"Auta!" ya ƙwala kira cikin gida. "Fito, ga manyanki sun zo neman ilimi!" Ya juyo wajen baƙon, ya rage murya. "Zauna, tana zuwa. Amma in ba ka shawara kyauta. In ta ce a'a, kada ka tsaya gardama, ko motar ta yi maka kyau kamar me. Kuma ni ma da ni za a je. Kujerar gaba tawa ce, kai ka shiga baya."